A Kwamfutarta Kawai Take Aiki

Tartsatsi ake ce mata tun ba ta kai tsayin teburin babanta ba, kuma shi da kansa ya laƙaba mata sunan. Mai yankan gilashi ne, mutum mai sanyin hali, wanda ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya gama jan layinsa kafin ya kore shi. Sai Allah ya ba shi 'ya wadda in ka taka mata takalmi sai maƙwabta sun ji. Yakan ce da mahaifiyarta, "Wannan dai ba daga wajena ta kwaso ba." Ita kuma ta ce, "To daga wajen wa? Ka taɓa ganin na ciji wani?"

Shagon nasa dogo ne siriri, da faffaɗan tebur a tsakiya an lulluɓe shi da tsohon bargo, fallayen gilashi jingine a bango, ƙasa kullum tana ƙyalli da ɓarɓashi. Yayanta aka koya wa yanka. Ita aikinta shara da kwashe guntaye, kuma a duniya ba abin da ta tsana kamar guntayen nan. Sai ta ga an ɗauko falle sukutum, an fitar da tagogi kaɗan, an bar ragowar da ko madubin aljihu ba za ta yi ba. Takan durƙusa da alli ta zana a ƙasa yadda da an juya wannan an matsa wancan da taga ɗaya ta ƙara fita. Yayan ya tsallake zanen ya ce, "Alli ba ya fashewa, gilashi yana fashewa. Matsa min in wuce."

Baban ya rasu, shago ya koma hannun Yaya. Ita ta yi aure, ta auri ma'aikacin jinya wanda ya saba da ihun marasa lafiya, don haka nata bai taɓa ɗaga masa hankali ba. Ta haifi 'yan biyu, ta buɗe ɗan shagon buga takardu a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin tela da mai gyaran kwamfuta. Duk wanda ya hau benen sai ƙura ta zubo mata a kai. A nan, a lokutan da ba mai kawo aiki, ta koyi rubuta manhaja da kanta, tana karatu tana tsaki, tana gwadawa tana zagin allon. Abin da ta fara rubutawa na kirki shi ne abin da ta daɗe tana zanawa da alli. Ka ba manhajar girman falle, ka ba ta awon tagogin da ake so, ta zana maka yadda za ka yanka ba tare da ɓarna ba.

Shekaru aka yi Yaya yana kiranta a waya ya karanto awo, ta buga, ta fitar da zanen a takarda ta aika masa. Bai taɓa cewa ta yi kyau ba. Amma ya daina ɗora abin yanka a kan falle sai takardarta ta iso, kuma in ta makara shi ne mai faɗa.

Rigimar ta fara ne ranar da ya sayi kwamfuta ya ajiye a lungun shago, ya kira ta.

"Ki zo ki zuba min abin nan naki. Na gaji da jiran takarda."

"Yaya, ba ruwa ba ne da za a zuba."

"Ko mene ne dai, ki kawo. Na ma gaya wa 'yan layinmu, kowa yana so."

"Ka gaya wa wa? Wa ya aike ka?"

Ya riga ya kashe waya.

Abin da Yaya bai sani ba, kuma bai damu ya sani ba, shi ne manhaja ba ta tafiya ita kaɗai. Kamar kowa, Tartsatsi ba da hannunta ta rubuta komai ba. Akwai guntayen shiri da wasu mutane suka rubuta suka saki don kowa ya ɗauka, ana ce wa kowanne modul. Wani shi ke zana layi, wani shi ke lissafi, wani shi ke magana da firinta. A kwamfutarta duk suna nan, ta tara su shekara da shekaru har ta manta da wasu. In ana so manhaja ta yi aiki a wata kwamfutar, sai an ƙunshe ta tare da su duka a fayil ɗaya. Akwai shirin da ke wannan aikin: ya karanta manhajarka, ya bi duk modul ɗin da ta kira da suna, ya kwaso ya ɗaure. Ɗan dako take ce masa.

Ta ba ɗan dako aiki, ya fitar da fayil. Ta danna a kwamfutarta, ya buɗe tsaf. Ta sa a filash ta hau bas zuwa layin masu gilashi, can ɗaya gefen gari.

A kwamfutar Yaya ta danna fayil ɗin. Wani baƙin akwati ya bayyana a allo ya ɓace kamar ƙiftawar ido. Ta sake dannawa, ya sake ɓacewa. Sai da ta bi ta wata hanya ta tsayar da akwatin ta iya karanta abin da ke ciki. Layi ɗaya ne mai muhimmanci, a can ƙasa: ba a sami modul mai suna kaza ba.

Yaya yana tsaye a kanta, fensir a bayan kunne. "Me ya ce?"

"Ya ce bai ga wani abu ba."

"Ke kika yar a hanya?"

"Yaya, wallahi a kwamfutata tana aiki."

"To ai sai ki ɗauko min kwamfutar taki."

Ta zare filash ɗin da ƙarfin da ya kusa tahowa da bakin kwamfutar, ta fita ba sallama.

Ta koma shago ta rubuta wa ɗan dako sunan modul ɗin da hannu, ta ce ko bai ga an kira shi ba ya ɗauka. Ta ƙunsa, ta gwada a tata, ya buɗe. Ta sake hawa bas. Wannan karon wani sunan daban ne ya ɓace, ƙanin na farko. Ta koma, ta ƙara shi, ta dawo, sai ga na uku. Direban bas ya fara gaishe ta da "An dawo?" ta fara harararsa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne a kwamfutarta ko sau ɗaya abin bai taɓa ƙin buɗewa ba. A hanya, tana matse tsakanin mai buhu da mai jariri, ta gane dalili. Duk abin da ɗan dako ya bari a baya, ƙunshin yana miƙa hannu ya ɗauka a cikin kwamfutarta, tunda yana nan ajiye. Ashe duk gwajin da take yi a gida yaudarar kanta take yi. Kwamfutar da ta yarda da ita fiye da mutane ita ke rufa wa ɓarnar asiri.

Sai ta nemi kwamfutar da ba a taɓa sa mata komai ba. Ta shiga wajen maƙwabcinta mai gyara. Ba-Matsala ake ce masa, don ko gobara ka kawo masa abin da zai fara ce maka ke nan. Mutum ne mai fara'a da saurin hannu, shagonsa cike da gawarwakin kwamfutoci da warin dalma. Yana da wata da ya goge tas, mai ita ya yi tafiya. Ya ce ta yi amfani da ita, amma a shagonsa za ta zauna, don amana ce.

Ta ce, "Na ji. Amma ka saurare ni da kyau. Kada ka sa mata komai. Kada ka gyara komai. In ka ga ta yi kuka, ka bar ta ta yi kukanta. Kukan nake so in ji."

"Ba matsala, Anti."

Ta sa ƙunshin, ta danna, saƙon ya fito: ba a sami modul ba. Ba ta taɓa jin daɗin ganin kuskure kamar ranar ba. Yanzu taku kaɗan ne tsakaninta da gaskiya, ba sai ta ratsa gari ba. Ta riƙa kai-kawo tsakanin shagunan biyu, tana buga wa mutane takardu tana ƙunshi, tana ƙara suna wani yana ɓullowa.

Wata rana da hantsi aka kira ta daga makaranta, ɗaya daga cikin 'yan biyun ta faɗi ta fasa haɓa. Ta bar kwamfutar gwajin a kunne da saƙon kuskure a kanta, ta ruga. Washegari ta dawo, ta ƙara wani suna da ta yi zato, ta ƙunsa, ta shiga wajen Ba-Matsala ta danna. Manhajar ta buɗe. Ta buga awo, zane ya fito. Ta rufe ta sake buɗewa, lafiya lau. Wani abu ya ɗan sosa mata zuciya, don sauƙin ya yi yawa, amma gajiya ta danne shi. Ba-Matsala yana gefe yana murmushi yana goge tabarau, ita kuwa ta ɗauka taya ta murna yake.

Ta kira Yaya ta ce, "Ta yi. Ina zuwa."

Da ta isa ta tarar ya tara mutane. Mai madubi na nan, masu tagogin alminiyom su biyu na nan, har da dattijon layin wanda ya yi zamani da babansu, an ba shi kujera a gaba. Yaya ya share lungun kwamfutar, ya canza riga.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ba kin ce ta yi ba? Zuba mu gani."

Ta sa filash, ta danna. Baƙin akwatin ya leƙo ya koma.

Ta sake dannawa. Mai madubi ya ce, "Kai, gaskiya akwai sauri. Har ta gama lissafin ta tafi gida?" Aka bushe da dariya. Ɗaya mai alminiyom ya ce ko kunyar maza take ji, a juya mata baya. Dattijon bai yi dariya ba, ya dai miƙe a hankali ya ce, "Allah ya taimaka, 'yata," kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Da suka watse Yaya ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, "Kin zubar min da mutunci a layin da nake cin abinci."

"Ni na zubar maka? Ni na tara su? Na ce ka buga ganga?"

"Ke kika ce ta yi."

"Shekara nawa kana yanka da zanena? Ka taɓa tara mutum ɗaya ka nuna masa takardar? Sai yau da za a yi dariya ka san kana da ƙanwa!"

"Rage murya, akwai gilashi a nan."

"Ya fashe!"

Duk tsawon hanya tana tafasa. Abu ɗaya ke mata yawo a ka: ƙunshi ɗaya ne, ya buɗe a kwamfutar gwaji, ya ƙi a ta Yaya. Ko dai aljanu, ko dai hannun mutum. Ba ta ko buɗe shagonta ba ta faɗa na Ba-Matsala, ta zauna gaban kwamfutar ta leƙa cikinta. Ga su nan reras. Harshen kwamfutar da take rubuta manhaja da shi, da modul ɗin zane, da duk danginsa, an sauke an jera.

Ta juyo a hankali. "Wa ya sa waɗannan?"

Fuskarsa ta washe. "Au, kin gani? Ai da kika fita a guje na ga abin ya tsaya miki, na ce baiwar Allah ga ciwon yarinya ga wannan. Na kwafi saƙon na bincika, aka ce a sauke kaza da kaza. Kafin in gama shayi ta buɗe. Ban so in faɗa ba, kada ki ce ina neman godiya."

"Godiya."

"Ba komai, Anti, ai maƙwabtaka..."

"Me na ce maka? Da bakin nan nawa, me na ce maka? Ban ce kada ka taɓa ba? Kai likita ne da za ka ga ma'aunin zafi ya hau ka jefa shi a ruwan sanyi ka ce mara lafiya ya warke? Ka san inda ka aika ni? Ka san gaban wa na tsaya?"

Tela ya bar kekensa ya leƙo. Masu hawa bene suka tsaya a matakala. Ba-Matsala ya buɗe baki, ta ɗaga masa yatsa.

"In ka ce min ba matsala, wallahi sai na haɗa ka da kwamfutar nan na ƙunshe."

Ya rufe bakinsa. Ta sa shi ya goge kwamfutar tas a gabanta, tana tsaye hannu a ƙugu har aka gama. Sannan ta zare wayar wutar kwamfutar ta naɗe ta sa a jakarta. Tun daga ranar, duk inda za ta je da wayar take tafiya, har kasuwa.

A gida ta ƙi cin abinci. Maigidan yana canza wa yarinyar bandeji a haɓa, yana sauraron labarin daga farko, karo na biyu.

"Maman 'yan biyu, mutumin nan fa taimako ya yi niyya."

"Kai ma ka shiga layinsu? Taimakon da ba a nema ba ne ya kashe ni yau."

"Ban shiga layin kowa ba. Ci abinci, sai ki ji ƙarfin zaginsa gobe."

Yarinyar ta yi dariya har bandejin ya motsa. Tartsatsi ta ja kwanon gabanta tana huci.

Washegari ta daina zato. Ta ce ta gaji da bin sunaye ɗaya bayan ɗaya kamar mai kamun kaji. Ta rataya takardar "ba aiki yau" a ƙofa, ta buɗe cikin modul ɗin zanen da kansa, rubutun wani bawan Allah da ba ta taɓa gani ba, ta bi shi layi-layi. Rana ta take kafin ta iske wurin. Mutumin bai kira mataimakan modul ɗinsa da sunansu a fili ba. Sai manhaja ta tashi tukuna, ta duba irin kwamfutar da irin firintar da ta tarar, sannan ta harhaɗa sunan wanda take buƙata ta kira shi. Ɗan dako kuwa abin da aka rubuta ƙarara kawai yake gani. Ba zai taɓa sanin da su ba, kuma kowace kwamfuta da wanda za ta nema.

Ta jingina da kujera ta yi wa mutumin tas, shi da wayonsa, duk da ta san a banza ya ba duniya aikinsa kuma ba don shi ba da ba ta zana ko layi ɗaya ba. Da ta huce kaɗan ta umarci ɗan dako ya kwashe modul ɗin gaba ɗaya, da wanda aka kira da wanda ba a kira ba. Fayil ɗin ya kumbura ya yi nauyi. Ta ce ya je ya kumbura.

A kwamfutar gwaji ya buɗe. Amma da ta buga awo sai zanen ya fito ba lamba ko ɗaya a jikinsa, layuka tsirara. Fayil ɗin da ke ɗauke da siffar haruffa da lambobi ne bai biyo ba, don manhajar tana nemansa a wani lungu na kwamfutar shagonta, inda ya saba zama. Ta sa shi a ƙunshin, ta koya wa manhajar ta duba kusa da kanta. Daga nan firinta ta ƙi, ta bi ta kanta ita ma. Kowane gwaji sai ta sa an maido da kwamfutar yadda take fil, Ba-Matsala yana yi shiru kamar wanda aka aiko da saƙon mutuwa. Sau ɗaya ya ce, "Anti, da za ki gwada..." ta kalle shi, ya ce, "A'a, da tela nake."

Ranar da komai ya tsaya daidai ba ta kira kowa ba. Ta hau bas ta sauka, ta shiga shagon Yaya yana tsakar awon wata ƙofa, ta wuce shi zuwa lungu. Ta danna. Manhajar ta buɗe, fari tas, da wuraren buga awo suna jira. Ta fizge takardar awon daga hannunsa ta buga, firinta ta yi tari ta fitar da zane.

Ya ɗauka ya duba, ya juya shi, ya sake dubawa. Ya zauna da kansa ya buga wani awon da yatsa ɗaya, yana neman kowace lamba kamar ta ɓuya. Zane ya sake fita.

"To me ya hana ta da?"

"Wasu abubuwa ne ba su biyo ta ba. Na sa an kwaso su."

"Au, shi ke nan? Ashe ma ƙaramin abu ne."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta tuna bas, ta tuna dariyar mai madubi, ta tuna ranakun da ta rufe shago. Duk wannan ba wanda zai taɓa gani, don aikin da aka yi shi daidai kamar ba a yi komai ba yake. Abin da ta faɗa masa a ranar, masu alminiyom da ke shago na huɗu sun ji, kuma har yau in an tambaye su sai su ce ba za su iya maimaitawa ba. Yaya ya koma kan awon ƙofarsa. Da yamma dai ya aiko mata da sabon gilashin teburin shagonta, an goge bakinsa sumul, ba tare da saƙo ba. Ta ce ya yi kauri da yawa, ta shimfiɗa shi.

'Yan layin suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, kowa da filash ɗinsa. Mai madubi ya zo yana sosa ƙeya, ta bar shi a tsaye har ta gama buga wa wata mata takarda mai shafi da yawa, sannan ta ba shi. A yawancin kwamfutocin ta buɗe ba gardama. Ta dattijon ce ta ƙi, don ta tsufa har ɗan dako na yanzu bai san irinta ba. Tartsatsi ta rantse ba za ta sake wannan wahalar ba, ta faɗa wa maigidanta, ta faɗa wa tela, ta faɗa wa duk wanda ya tsaya. Sannan ta nemo tsohon ɗan dako ta yi wa dattijon nasa ƙunshin daban.

Yanzu lambarta tana manne a bangon kusan kowane shago a layin, kuma ba ita ta ba su ba. Kwanan baya tana cikin aiki dattijon ya kira ya ce abin ya ɓace gaba ɗaya, shi dai ya goge ƙurar allo da tsumma ya danna wani wuri. Ta ce, "Baba, kada ka sake taɓa komai. Ka ɗaga hannuwanka sama ka zauna." Ta kashe waya, ta yi tsakin da ya sa tela ya ɗago kai, ta ce wa mai jiran takarda ya dawo an jima, ta ja ƙofar shagon ta nufi tashar bas tana faɗa ita kaɗai.